Shanun Kaka a Bayan Maƙabarta

Ba zan taɓa mancewa da wata rana cikin bazarar shekarar da na ƙare lakwal, wato makarantar aikin dabbobi, ba, ko da kuwa na so. Yanzu haka da nike latsa muku labarin a salula kunnuwana sun ɗau zahi.

Lokacin ina staj, wato koyon aiki, a Ƙonni, wata uku kacal da amsar diplom. Ni ɗan Yamai ne, can anka haihe ni, can na girma, saniya kuwa na hi saninta cikin littahi da cikin miya. Amma dangi sun riga sun naɗa ni dokta, ni ma ban hana ba. (Wa zai hana?)

Sai ga kiran Kawu Illa, ƙanen mamana, daga ƙauyensu da ke gaba da Dogarawa. Ya ce Kaka Hajo, kakata ke nan, ta ce in zo in duba mata jar saniyarta. Ta rame, tana tari, kaska ta rufe ta, ga ciki ya tsuhwa. Shanu uku ne duk abin da Kaka ta mallaka a duniya, kuma jar nan ita ce uwar sauran. Na ce, "Kawu, ƙaramin abu ne, gobe ina nan tahe."

Washegari na sa hwarar rigar aiki, na rataya jaka, na hau kabu-kabu. Mai moto ya sauke ni nesa da gari ya ce rairayi ya yi yawa, in ƙarasa da ƙahwa. Rana tsaka ce. Ashe ranar kasuwar Dogarawa ce, garin duk ya watse. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ba daka, ba kukan kaza, ba ko kare. Sai ƙarar takalmina cikin rairayi, in na tsaya ita ma ta tsaya.

Hanyar shiga garin ta gehen maƙabarta take bi. An kewaye ta da ƙaya, kuma duk hilin Allah nan ne kaɗai busasshiyar ciyawa ta rage, tunda dabba ba ta shiga. Kan wani mataccen icce ungulaye huɗu na zaune, ba mai motsi. Na yi sallama ga mutanen kabari yadda anka koya muna, na ƙara sauri.

Sai na ji wani sauti. Ƙurus. Shiru. Ƙurus, ƙurus.

Ba irin ƙarar tuƙar ciyawa ba ce. Abu ne mai tauri ake murƙushewa a hankali, ba gaggawa. Na ce ma kaina wuce abinka. Ƙahwahuna sunka ƙi. Na leƙa ta kusurwar shingen.

Shanu uku ne tsaye a jere, kawunansu dab da ƙaya, inda shingen ya ɗan buɗe. Ba mai kaɗa wutsiya, ga ƙuda ko'ina amma ba su kora. Haƙarƙarinsu kana iya ƙirgawa. Ta cikin kahwar shingen ina hango wani kabari da gehensa ya lotsa, iccen da anka jera ya hito waje. Can sai jar ta juyo da kai, sannu sannu, kamar ta daɗe da sanin ina wurin. Idanunta sun hwaɗa rami. Wani dogon ƙashi hwari sol ya hito mata ta gehen baki, yawu na tsiyaya a kanshi. Ta kahe ni da ido, ba ta daina tauna ba. Ƙurus.

Daidai nan wata ƴar guguwa ta tashi tsakiyar kaburbura, ta yi juyi biyu ta kwanta.

Jama'a, na gudu. Ba gudun mutunci ba. Jaka na dukan bayana ina zaton hannu ne. Sai da na kai kan wani tudu na tsaya, kuma maimakon in yi numhwashi in yi tunani kamar wanda iyayenshi sunka kashe ma kuɗin karatu, sai na zaro salula na danna vokal, saƙon murya, cikin gurup ɗin dangi. Ga abin da na hwaɗa, na hardace shi don an sha maimaita min:

"Innalillahi! Jama'a ku yi addu'a! Shanun Kaka suna cin mutane! Wallahi a maƙabarta, da idona na gani, ƙashin mutum a bakinta, tana kallona! Mama, in ba mu gana ba ki yahe min!"

(Ee, har da "ki yahe min". Saniyar da ko tsayuwa da ƙyar take yi.)

Na shige gidan Kawu Illa na zauna cikin zaure ina karanto duk abin da na iya. Ban san vokal ya riga ni aiki ba. Daga gurup ɗin dangi ya hwaɗa salular wani, daga nan ya shiga kasuwar Dogarawa. Kahin la'asar motoci masu ƙahwa biyu sun hwara shigowa bi da bi duk da rairayin, har da mutanen ƙauyukan da ba su da ko ɗan'uwa a garin.

Anka taru ƙohwar maigari. Anka jawo shanun da dogayen igiyoyi, kowa na nesa-nesa da su. Mata sun tsaya can baya, hannu bisa baki. Wasu dattawa sun je sun leƙa maƙabarta daga bakin ƙohwa, sun hango kabarin nan da ya lotsa, sun dawo suna salati. Ba wanda ya zagaya bayan shingen inda shanun sunka tsaya. Mi za su je nema? Ai dokta ya gani.

Anka ba ni tabarma kusa da maigari, wuri na manya. Ya dube ni ya ce, "Dokta, da idonka ka gani?"

"Da idona, ranka shi daɗe."

"Ƙashin mutum na?"

To nan ne wurin da nike so in ɓoye muku, amma tunda na hwara bari in ƙarasa. Tun ina cikin zaure, da zuciyata ta ɗan kwanta, wani shahi na littahin rubutuna na aji biyu ya hwara yi min yawo a kai. Har zanen na tuna, saniya da ƙashi a baki, ni da kaina na zana ta, na ma yi mata gashin ido don wasa. Na san akwai bayani. Amma ga mutum sun hi ɗari suna kallon bakina, ga hwarar riga, ga tabarmar manya. In ce musu mi? In ce tsoro ne ya sa na tara ku?

Na ce, "Ranka shi daɗe... ya yi kama."

Wurin ya ɗau salati. Dattawa sunka haɗa kai, ba su daɗe ba. Sunka ce dabbar da ta ɗanɗana ɗan Adam ba a shan nononta, ba a kai ta kasuwa a cuci wani, ba a kuma barinta cikin gari. A yanka jar a binne, sauran biyun a ga abin da hali ya yi. Kawu Illa ya ce a jira tsohuwa ta dawo daga kasuwa, anka ce gara a gama kahin ta zo, kada ta gani ranta shi ɓaci. Mahaucin gari ya zauna ya hwara wasa wuƙa a dutse. Anka kada saniyar, anka ɗaure ƙahwahunta. Cikin nan nata ya yi tudu sama, har ina ganin ɗan na motsi ta ƙarƙashin hwata. Ba ta yi kuka ba. Ni take kallo, ko kuwa ni ne nike ganin haka.

Ina zaune. Bakina kamar an ɗinke.

Sai ga amalanken jaki ya shigo, Kaka Hajo na bisa, zaune kan wani buhu. Ƴar tsohuwa ce ƙarama, in ta tsaya iyakarta kahwaɗata. Ta sauko ba ta gaida kowa ba.

"Wa ya ɗaure min saniya?"

Maigari ya hwara yi mata bayani cikin lallashi. Ta ɗaga mai hannu. "Na jiya. Tun kasuwa anka kunna min, wurin mai gishiri. Ina mijin nawa? Ina dokta?"

(Haka take ce min, mijinta, wasan kaka da jika. Ranar dai ba wasa cikin muryar.)

Na ce, "Ga ni, Kaka."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ma mahauci, "Kai kuma in wuƙar ga ta taɓa ta kahin in komo, da kai za a binne ta." Ta ɗau sandarta ta nuhi maƙabarta ita kaɗai. Ba wanda ya bi ta. Muna nan tsaye muna jira. Can munka ga ungulayen nan sun tashi gaba ɗaya. Wata mata ta ce, "La ilaha illallahu."

Sai ga Kaka tana tahowa, tana jan wani abu cikin rairayi. Mutane sunka dare. Ta zo har gaban tabarmata ta yar da shi kan takalmina. Dogon ƙashin nan ne, an gwagwiye kai guda. Ɗaya kan kuwa da sauran busasshiyar hwata, da kohwato.

"Maigida, kai ka yi karatu. Duba muna wanga bawan Allah. Wa munka binne garin ga da kohwato?"

Can daga baya Kawu Illa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Jakina na. Wancan sati ya mutu, na ja shi kwarin bayan maƙabarta."

Kaka ta juya wurin dattawa. "Ku kuma da hurhurarku! Yau kunka hwara ganin saniya na cin ƙashi ƙarshen rani? Da can kowace damina muna tura su arewa su lashi ƙasa mai gishiri, su komo da ƙarhinsu. Shekara biyu ke nan ba su tahi ba, hanya ba lahiya. Ciyawa ta zama kara, ba komi cikinta. Ga ɗa cikin ciki shina jan nashi. In jikinta ya rasa, ba ƙashi ba, ko tsumma ta samu ci za ta yi. Mi kuke zato na tahi saye kasuwa?" Ta buga buhun da sanda. Dusa ce, da gishiri ƙulle a gehe.

Sannan ta dawo kaina. "Ku can lakwal ba a gaya muku ba? Ko ba shi da suna da nasaranci?"

Da na yi shiru da ya hi. Amma bakin da ya ƙi buɗewa lokacin da ake wasa wuƙa, yanzu sai ya buɗe da kanshi. Na ce, "Ƙarancin fosfor ne, Kaka. Wani sinadari ne da ƙashi ke..."

"Ashe ka sani."

Haka kawai ta ce. Wallahi da mari ta yi min da ya hi sauƙi.

Ban san wa ya hwara dariya ba. Na dai san wani marar imani ya kunna vokal ɗin, ya ɗaga salula sama, muryata ta cika ƙohwar maigari: "Mama, in ba mu gana ba ki yahe min!" Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Don in ɗan tsira da wani abu, na ce ma maigari gaskiya akwai haɗari, amma ba na aljannu ba. Ƙashin mushe na iya ɗauke da dahin da ke shanye dabba, ta kwanta, harshe waje, ba ta ƙara tashi. Kuma ramar nan, da tarin, da kaskar da ta samu wurin zama, duk tushensu guda: jikin da bai ƙoshi ba ba shi iya kare kanshi, ko allurar rigakahi anka yi mai ba ta kamawa yadda ya kamata. Na ce a riƙa ba su dusa da harawa da abin lasa, mushe kuma a daina yarwa a hili, a binne shi da zurhi.

Maigari ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, dokta. A ba shi hauya da shebur."

Ni kaɗai na gina ramin, a kwarin bayan maƙabarta, da hwarar rigata. Ungulayen sun dawo kan iccensu suna kallon ina binne musu abinci. Duk sanda iska ta taɓa ƙayar shingen sai na waiga. Na gama kahin magariba, don ko da kohwato ko ba kohwato ban shirya yin duhu a wurin ba.

Saniyar ta tashi. Kaka ta yi ta ɗura mata dusa da harawa, tarin ya tahi, da ruwa ya sauka ta haihi maraƙi namiji. Ni ko sanarwa ba a yi min ba, a bakin Mama na ji.

Vokal ɗin kuwa bai mutu ba. Wata shida bayan nan wani abokin aikina a buro, wato ohis, ya turo min shi, da rubutu a ƙasa wai abin ya hwaru ne can wajen Badagishiri, shanu goma, kuma yaron da ya yi maganar ya haukace. Ya ce, "Kai da ka san dabbobi, mi ka gani?" Na ce mai ƙarancin fosfor ne, yaron kuma a yi mai addu'a.

Abin da na koya shi ne tsoro ba laihi ba ne, kowa na ji. Amma in zai kama ka, ka roƙi Allah shi kama ka inda salula ba ta da rezo.