Kwando Shida na Ɗanye

A ranin da wayar hannu ta shigo Kura, Alhaji Sule yana ɗaukar masu tsinkar tumatir, ya tambaya ko akwai mai lalura. Abokina Habu bai ɓoye ba: "Alhaji, ƙafata ba ta jure tsugunno." Aka ba shi kula da injin ban-ruwa, a inuwa.

Ni kuwa, da ba na bambance ja da kore, na ce lafiyata garau.

Kafin azahar na cika kwando shida, ina hura hanci. Alhaji ya leƙa ciki. Rabi ɗanye shar!

Bawan Allah bai yi faɗa ba, gonar albasa ya mayar da ni.

Har gobe in na shiga kasuwa, sai an kira ni: "Malam, zo ka zaɓa mana nunanne!"