Gonar Hure Ta Ƙi Garma

"Ina gajiya, angona? Ko in ce ina gajiyar shan kashi?"

"Ba gajiya, tsohuwa. Ci uku ne kawai jiya."

Kamilu ke nan, kocin kulob ɗin ƙauyenmu, durƙushe gaban kakarsa Hure da ƙullin goro. Shekarar ta yi tsanani, ko gefen hanya sai da aka shuka. Filin da suke ƙwallo kuwa gonar Hure ce, ga shi baffansa Iliyasu ya rantse bana sai garma ta shiga. Ciyaman Nababa, wanda bai iya komai ba sai kiran taro, ya ce in fili ya tafi a raba riguna kowa ya kama gabansa.

"Uku kawai! Wasa tara ban ji guɗa ba. Ni da ƙafata mai ciwo da na jefa ko ɗaya."

"Ke da sai an kama ki kike hawa tabarma?"

"Golan naka ai gara ni. Shi ƙwallo na gabas, yana faɗuwa yamma."

"Dabara ce, ba ki san boko ba."

"Dabarar gidanku! Shi kuma Nababa, ciyaman ne ko mai gadin buta?"

"Ki bar shugabana. Amarya, maganar fili ce ta kawo ni. In Baffa ya nome shi, wallahi na saki auren nan."

"Wa zai kwashe ka? Mijin da ko kofin shayi bai taɓa ciyowa ba?"

Kamilu ya yi dariyar yaƙe. Gaskiya tsoro ya kama shi, don samari ashirin ne ke jiran amsar da zai koma da ita.

"Iliyasu ya zo da asuba," in ji Hure. "Na ce ya je ya sara ya gani. Fartanya ta dawo masa a lanƙwashe. Shekara shida kuna tattaka wurin, golanka yana birgima, ya zama daɓe. Duk ƙauyen nan ba masussuka irinta. Na ce gona ta mutu, a bar mini wurin sussukar gero."

"Allah, Inna?"

"Yau kuma na zama Inna? To da sharaɗi. Da kaka, ƙattin nan naka su za su yi mini sussuka. Tunda ba sa iya dukan ƙwallo, su daki gero."

"Har Nababa zai ɗau taɓarya!"

Ta rage murya. "Sa'anninka duk sun tafi Kano neman abinci. Kai ƙwallon nan ce ta riƙe min kai. Kullum la'asar ina jin ihunka daga nan, hankalina kwance. Na gode wa Allah."

Kamilu ya sunkuyar da kai, ya tura mata goron gaba ɗaya.

"Kin ci wasa, Inna. Allah ya bar mana ke."

"Amin. Rubuta wasa na goma ba nasara, don ni ma na lallasa ka a gida."