Itacen Baba

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana ba, a ƙauyensu kusa da Kunci. Shekarun nan ne da itace ya yi wuya, mata na girki da kara da busasshen kashin shanu. Ni kuwa ban daɗe da tarewa ba, ina neman a ce amaryar nan akwai himma.

Aka ba ni tukunyar tuwon baƙi. Kara ya yi ta ci bal-bal yana mutuwa, ruwa ya ƙi tafasa. Na zagaya bayan rumbu neman ko da ƙirare ne, sai ga itace a jere, an lulluɓe da tsohuwar tabarma, gajeru masu kauri, tsawonsu ɗaya kamar an auna. Na tambayi wata maƙwabciya, ta ce, "Itacen Baba ne," ta wuce da tulunta. Na ce a raina, ai surukina ba zai hana tuwon bikin 'yarsa ba. (Har gatari na aro na faskara, ku ji ƙarfin hali.)

Wuta ta kama, ina tuƙi ina jiran yabo, sai Inna, uwar maigidana, ta leƙo murhu. Ta saki salati.

"Ke 'yar nan, ina kika samo wannan?"

"Bayan rumbu, Inna."

"Itacen kabarin Malam ne fa! Da hannunsa ya sara ya ajiye, don kada ranarsa ta zo a rasa na rufe shi."

Muciya ta suɓuce mini.

Aka kira Baba. Ya zo yana dogara sanda, ya daɗe yana kallon garwashin, ni kuwa ina durƙushe ina kuka.

"Tuwon ya nuna?" ya tambaye ni.

"Ya nuna, Baba."

"To, a kwasa wa baƙi. Ni don mutum ɗaya na tanada, ashe rabon jama'a ne. Ranar tawa kuma, Allah bai manta da ni ba."

Maigidana ya sha yawo kafin ya haɗa wani itacen. Baba ya yi tsawon rai, har ya riƙa tsokanata wai ni na ɗaga masa tafiya.

Tun daga nan na gane, in kowa na cikin rashi kuma ka tarar da abu mai kyau ba wanda ya taɓa, ba idonka ne ya fi na kowa gani ba.