Kwamfutar da Ke Jin Kunyar Oga Emeka

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kusa raba bawan Allah da aikinsa a banza ba. Lokacin ina akawu a wata makarantar kuɗi a Kurmin Sarki, ni ke shigar da makin yara a kwamfuta. Ana saura mako biyu hutu, sai manhajar ta tsiro da wata tsiya: ina tsakiyar aiki, lambar bakwai ta kama zubowa da kanta. Yaron da ya ci ashirin a lissafi sai ka ga 7777777 (ko uwarsa ba ta yi masa wannan fatan ba).

Na kira Oga Emeka, mai kula mana da na'urori, wanda shagonsa ke Bagama. Ya zo, na tashi na ba shi kujera, ya danna nan ya danna can. Kwamfuta ta yi luf kamar ba ita ba.

"Malam, babu wahala a nan fa," in ji shi. "Wetin you press?"

Na rantse ban danna komai ba. Ya tambayi lokacin da take yi, na ce da safe ne, kafin azahar takan daina. Ya ɗauke ta ya kai shagonsa ta kwana biyu, ko bakwai ɗaya ba ta zubo ba. Ya maido ta, washegari ta ɗora daga inda ta tsaya. Kaina ya ɗaure tamau. Har tofi na yi mata (kada ku yi dariya, na rasa abin yi ne).

Haushi ya kai ni wajen Hajiya, mai makarantar, na ce mutumin nan bai san aikinsa ba. Ta ce in Juma'a ta yi bai gyara ba, za ta sallame shi ta nemo wani daga Abuja.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, don ban ga ya shafi kwamfuta ba. Hajiya ta hana cin abinci a ofis saboda ɓeraye, ni kuwa tun sassafe nake fitowa daga Sabon Wuse ban karya ba. Don haka kullum da kular awarata a durowa. In Oga Emeka ya kira ya ce yana hanya, sai in kai ta ɗakin maigadi, in goge tebur, in zauna kamar mutumin kirki.

Ranar Alhamis bai kira ba. Ganinsa kawai na yi a ƙofa, Hajiya na bayansa. Na haɗiye lomar da ke bakina, na cusa kula a durowa, na tura da gwiwa. Nan take bakwai ta fara gudu.

"Hajiya, ga shi! Ga shi nan!" Har hannuwa na ɗaga sama don su shaida ban taɓa komai ba. Murna nake yi, yau gaskiyata ta fito.

Oga Emeka ya zare wayar kibod. Bakwai ba ta tsaya ba. Ya leƙa bayan kwamfuta, ya nuna wani ɗan ƙaramin abu a soke.

"Wannan na tsohon kibod ne, marar waya. Malam, ina ka ajiye shi?"

Idona ne ya tona ni, don durowa na kalla. Ya ja durowa. Ƙamshin yaji da albasa ya cika ofis. Ga kulata zaune daram a kan tsohon kibod, daidai kan bakwai. Ashe in na cinye awarar sai kular ta yi sakayau, shi ya sa abin ke dainawa kafin azahar.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ne bai san aikinsa ba?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ma zagina ya yi, da na fi jin sauƙi. Amma sai ya miƙo min kular da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, kwamfuta ba shi da laifi. Na hunger, yunwa ne."

Har shago na bi shi na ba shi haƙuri, kuma Hajiya ba ta sallame shi ba. Tun daga ranar, in mai gyara ya tambaye ni abin da nake yi lokacin da matsala ta faru, gaskiya nake faɗa masa duka, ko da akwai yaji a cikinta.