Loma Bakwai a Ranar Auren Nasiru

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren Nasiru, ɗan yayana marigayi. Ko da na so in manta, Sule taubashina yana raye, ba zai bari ba.

Bari in fara da jikina. Ni manomin shinkafa ne a Kura tun ina saurayi. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba (can ma malamin cewa ya yi na fi kowa tambaya, na kuma fi kowa saurin manta amsa). Shinkafa ta gina mini gida, ta kai ni Makka, sannan ta zauna a jikina ta ƙi tashi. Ranar da na hau sikelin injin casa da wasa, mai injin ya duba ya sake dubawa, ya ce na kusa buhu ɗaya da rabi na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Daga ranar Sule ya raɗa mini Alhaji Buhu. Ga ciwon suga, ga gwiwa, salla sai a kujera. Masu adaidaita sahu in suka hango ni a bakin titi sai su tuna suna da wani uzuri a gaba.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abu ɗaya. Kafin Yaya Garba ya rasu ya riƙe hannuna ya ce ni zan karɓar wa Nasiru aure, kada in wakilta kowa. To wakilin ango a tabarma yake zama, gwiwa da gwiwa da waliyyin amarya, ni kuwa na shekara shida rabona da zama a ƙasa. In na zauna, sai an nemo ƙarti uku. Shi ya sa da 'yata Hadiza, wadda take aikin jinya a Kano, ta kawo maganar aikin rage tumbi, ban yi gardamar da ta zata zan yi ba. Aka kai ni wani asibiti a Abuja, aka yi, na farka da tumbi wai bai fi ƙwan kaza ba, an kuma haɗa shi da hanji ta gajeriyar hanya.

Kafin a sallame ni wata likitar abinci ta zaunar da ni. Ta ce in na fara cin abinci sosai, in fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, sai ganye, in wuri ya rage sannan ɗan abin da ta kira kabohaidiret, wato abinci mai sitaci. Na ce wane ne shi? Ta fara lissafi: shinkafa, tuwo, burodi, taliya, fura. Na ce mata ai abinci ta lissafa gaba ɗaya, sauran duk mahaɗi ne. Ta yi dariya ta ce su ne suke komawa suga a jiki, in na yawaita su ramar za ta tsaya, in kuma na haɗa da zaƙi zan ga abin da ban taɓa gani ba. Kuma kada in sha ruwa a kan abinci, sai an yi rabin awa.

Na ce to. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shekara arba'in ina shuka shinkafa, ina dasa ta, ina korar tsuntsu a kanta, ban taɓa jin ta da zaƙi ba. Ina sugan yake ɓuya? A ƙaiƙayi? A tsakiyar ƙwaya? Na taɓa fasa ƙwaya ɗaya da haƙori na leƙa, fari ne kawai.

Wata shida na farko na bi doka, jiki kuwa ya yi ta zubewa. Suga ya sauka. Na koma salla a sahu. Telana ya rage mini riguna har ya gaji ya ce in bar sauran a yi wa jikoki. Na zama abin kallo a majalisa, ni kuma (Allah ya yafe mini) na zama mai wa'azi. Duk mai tumbin da ya zauna kusa da ni sai ya ji huɗuba a kan shinkafa. Sule ya ce bai taɓa ganin mai sayar da kaya yana zagin kayansa ba sai ni.

Ana nan sai wata dabara ta faɗo mini ina zaune a bakin kanal ina jiran layin ruwa. Wannan likita 'yar birni ce. Shinkafar da ta sani ita ce 'yar waje, wadda ta shekara a jirgin ruwa, aka goge ta har tana ƙyalli. Wa ya san abin da suke zuba mata? Tamu 'yar gida kuwa a gabana take tsirowa, ruwa da taki da rana kawai ta sani. Na ce lallai a nan kuskuren yake, kuma ni zan gano shi.

Sai na fara bincike. Ba a gida ba, don Hadiza ta riga ta kafa wa tukunyar gidana doka, ta bar wa uwarta takarda a manne a bango. A wurin mai abinci ta bayan injin casa nake yi. Ranar farko cokali ɗaya, na zauna ina sauraren cikina kamar mai jiran labarai a rediyo. Shiru. Bayan kwana biyu cokali biyu. Shiru, sai ɗan nauyi. Na kai cokali huɗu. Duk ranar Juma'a in hau sikelin buhu in duba. Allurar da a da take ja da baya kowane mako sai ta tsaya cak wuri ɗaya, mako biyar ba motsi. Wani mai hankali da ya gane. Ni sai na ce wa mai injin ya kira a duba masa sikeli.

Hadiza ta zo hutu ta auna ni da nata na gida, ta dube ni ta ce, "Baba, kana cin wani abu a waje?"

Na ce, "Ni? Tambayi duk Kura."

Ta yi mini kallo irin na uwarta.

Aka sa auren Nasiru ranar wata Asabar da hantsi. Yarinyar, Maryama, 'yar Malam Jauro ce, Fulanin da suka daɗe da zama a wani ƙauye bayan Bunkure, suna noma suna kiwo. Na yi mako biyu ina gwajin zama a tabarma da tashi ba dafa bango. Na haddace sigar neman auren kamar karatun allo. Shinkafar bikin kuwa daga gonata aka ɗebo, sabuwar girbi, na aika wa surukai buhu biyu tun da wuri.

Mun isa da sauran lokaci, aka sauke manya a zauren Malam Jauro, motar mata ta wuce cikin gida da Hadiza a ciki. Sai ga akushi. Aka buɗe, tuwon shinkafa ne fari sol, da miyar taushe, man shanu yana narkewa a kai. Malam Jauro ya ce ai tawa ce, in ɗanɗana in ji yadda ta yi a hannun matansu. Ka ga ni da na yi wata shida ina huɗuba, ga Sule a gefena ya zuba mini ido. Amma ta ya za ka ce wa suruki ba ka cin shinkafar gonarka? Kuma, gaskiya, zuciyata ta ce ga babban gwaji ya zo har gida: ba ta mai abinci ba, wadda ban san asalinta ba, tawa ce ta hannuna.

Na yi loma ɗaya don girmamawa. Ta biyu don miyar. Daga ta uku zuwa ta bakwai ba ni da hujja. Naman da ke gefe, wanda aka ce in fara da shi, ko kallonsa ban yi ba. Ina cikin sauke numfashi aka miƙo ƙwarya, fura da nono mai sanyi, an zuba mata suga don baƙi 'yan gari. A gidan Bafulatani ka mayar da ƙwaryar nono? Na kafa kai.

Sule ya matso ya raɗa mini, "Alhaji Buhu, yau an sha ruwa ke nan?"

Na ce masa bincike nake yi, ba zai gane ba.

Muka fita ƙofar masallaci. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya, mutane sun cika har bakin hanya, an ɗaura lasifika a reshe. Na zauna a ƙasa da kaina, na tanƙwashe ƙafa, gwiwata tana taɓa ta Malam Jauro. Na tuna Yaya Garba, idona ya ciko. Wannan minti biyar ɗin, ban taɓa jin daɗi irinsa ba.

Liman ya fara huɗuba. Sai na ji gumi ya tsatso mini a ƙeya, mai sanyi. Zuciya ta fara bugu kamar injin ban ruwa da ya sha iska. Hannuna na rawa, mutane suna yin bibbiyu. Abin mamaki, ko a lokacin ban daina tambaya ba: tuwon ne ko furar? In tuwon ne, a loma ta nawa? Sannan ciki ya juya.

Aka miƙo mini makirfo. A wurinmu sau uku ake nema, sau uku ake bayarwa. Na ce ina nema wa ɗana Nasiru auren Maryama. Malam Jauro ya ce ya ba shi. Na sauke hannu don in share gumi, makirfo ya sauka a kan cikina, cikin kuwa ya zaɓi wannan lokacin ya yi magana. Doguwar ƙara ce, mai hawa da sauka, ta fita ta lasifika ta zagaye ƙauyen. Wani tsoho a baya ya ɗaga kai yana duban sama ko hadari ne, a tsakiyar rani.

Na yi ta biyu da ƙyar. Ta uku ba ta samu ba. Na ajiye makirfo a hannun liman na ce, "Allah gafarta Malam, a riƙe mini nan," na miƙe. (A rubuta wannan: tsam na miƙe, ba wanda ya taimake ni.)

Na duba gabas, fangalin albasa ne, ko kaza ba za ta ɓuya a ciki ba. Yamma, tumatir iya gwiwa. Masallacin ba shi da bayi. Wuri ɗaya ya rage, cikin gidan surukai. Na tattare babbar riga na ratsa zaure, na faɗa tsakar gida cike da mata, wasu na tuƙa tuwo, wasu na yi wa amarya lalle, ba sallama ba komai, ina tambayar ina ne bayi. Wata tsohuwa ta nuna da muciya. Mutum na ƙarshe da na gani kafin in ja labulen buhu ita ce Hadiza, tana tsaye da faranti, tana kallona.

A can ciki, tunda ba inda za ni, na samu lokacin tunani, kuma a nan na gane abin da likita ta kasa fahimtar da ni. Tsohon tumbina dam ne, yana tare abinci yana sakinsa kaɗan kaɗan. Yanzu an cire ƙofar. Ni da na san abin da ke faruwa in ka saki ruwan kanal gaba ɗaya a kan ƙaramin fangali, na tura tuwo, na bi shi da fura mai suga ta kora shi. Kunya ta ɓalle, shuka ta kwanta. Ruwa kuwa ba ya tambayar gonar wa ya fito.

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labari. Da aka ga shirun ya yi yawa, rana tana hawa, wasu suka ce Sule ya ƙarasa, ai shi ma uba ne. Sule har ya gyara hula. Nasiru, wanda tun safe bai ɗaga kai ba, ya aiko a gaya wa liman cewa ni Baffansa mahaifinsa ya bar wa, kuma ni zai jira. Malam Jauro ya ce shi ma bai ga abin sauri ba, shanunsa ma yakan jira su. Haka mutum sama da ɗari suka zauna fiye da rabin awa, kowa ya san inda nake, kowa ya san abin da ake jira.

Da na fito Hadiza tana bakin ƙofa da buta. Ta sa na zauna a kan turmi, ta riƙe wuyan hannuna tana duban agogo har bugun ya lafa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Loma nawa, Baba?"

"Bakwai. Amma 'yar gida ce."

"Ita ma ta bayan injin casa 'yar gida ce?"

Ashe mai abincin ƙawar uwarta ce. Tun cokali na biyu labari ya isa gida.

Na koma tabarma, rigata a jiƙe da gumi, mutane suna buɗa mini hanya ba mai haɗa ido da ni, sai kafaɗu da ke rawa. Na zauna. Liman ya miƙo makirfo, ya ce a hankali in riƙe shi sama sama. Na nema karo na uku, aka ba ni, na ce na karɓa wa Nasiru. Aka shafa fatiha. Muryata ta yi rawa a wurin, kuma wannan karon ba tuwo ba ne.

Bayan kwana biyu Hadiza ta kawo mini cokali ɗaya na dafaffiyar shinkafar gonata, ba miya ba gishiri, ta ce in tauna kada in haɗiye sai ta ce. Na yi ta tauna kamar raƙumi. Can sai na ji wani ɗan zaƙi yana fitowa daga inda babu shi. Shekara arba'in muna tare, ashe ban taɓa tauna ta daɗewar da za ta faɗa mini gaskiya ba.

Yanzu kifi nake fara ci, sai zogale, shinkafa cokali biyu a ƙarshe in wuri ya rage. Allurar sikelin injin casa ta ci gaba da ja baya, ba tare da an kira mai gyara ba. Na daina huɗuba a majalisa. Tambaya dai ban daina ba, don har yau ina so in san tsakanin tuwon da furar wa ya fi laifi, kuma hanyar ganewa ɗaya ce, a gwada su daban daban. Na dai koyi cewa mai bincike a gida yake yinsa, kusa da bayinsa, ranar da ba wanda yake jiransa. Matar Nasiru ta kusa haihuwa, an ce ni zan raɗa suna. Sule ya riga ya gaya wa liman a yi da sassafe, kafin a sauke tukunya.