Takalmin Ayamga

"Bawana, ka kwana lafiya? Ko kan karen da ka ci jiya ne ya hana ka taka ƙasa?"

Da haka Felisiya Dery ta tari Ayamga kafinta a shagonta na magani a garin Wa, ranar Talata, ƙarfe tara da kwata. Ina zaune a shagon, na duba agogona. Ita 'yar ƙabilar Dagaba ce irina, shi ɗan ƙabilar Frafra, mu da su kuwa zagi ba ya zama faɗa. Wata biyu ke nan da ƙusa ta soke shi a ƙafar hagu, mikin ya ƙi warkewa.

"Baiwata, ba ni kafso mai ja da rawaya, guda goma."

"Na makon jiya fa?"

"Biyar na zazzage a mikin, biyar a burkutu."

"To wa ya warke, kai ko burkutun?"

"Maganinki ne ya tsufa kamar mai shi. Lokacin korona biyu na sha, tari ya gudu."

"Biyu? Shekara guda kana watsa shi baki kamar gyaɗa! Kafso ba ya taɓa korona, tarin da kansa ya tafi. Ƙwayoyin cuta ka sa a makaranta kyauta, ga shi sun fi ka ilimi."

"Wa ya sayar mini? Ba ke ba?"

"Ni ce. Lokacin ko atishawa ka yi gaban likita sai ya rubuta maka. Wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

A zamaninmu, Sista a asibitin mishan ba ta ba da ƙwaya ɗaya sai ta leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta. Felisiya ta nuna ƙafar.

"Je ka asibiti a ɗebi ruwan mikin a gwada, a san maganin da zai ci su. Ɗan hakin da ka raina..."

"Ni? Ƙafar Frafra ko kada ya cije ta, haƙorinsa ne zai karye!"

Sai ta sunkuya ta ɗauke takalminsa na hagu da ya cire, ta jefa ƙarƙashin tebur. Abin da abokin wasa ya ƙwace, ba a kai ƙararsa.

"Ke! Me za ki yi da wari guda?"

"Kai me za ka yi da shi? Nan da wata za su yanke ƙafar. Akwai gurgu a ƙauyenmu, ta hagu ta rage masa, ya daɗe yana nema."

Ayamga ya dubi ƙafar, ya jima. Sannan ya yi dariya, ba mai yawa ba.

"Ɓarauniya 'yar ɓarayi. Kira mini mai babur ya kai ni asibitin. Kuma ki shafa wa takalmin mai, da ƙafata zan zo karɓa."