Buzun Mashin ɗin Zakiyyu Ya Cika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci kuma a toshe, mu 'yan kabu-kabu na Kankiya muna sanar da jama'a rasuwar Buzu, fatar ragon nan da ke shimfiɗe bisa kujerar mashin ɗin abokin aikinmu Zakiyyu. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara, wadda shi ya kwanta amma mu muka sha wuyarta.

Marigayin ya fito ne daga jikin ragon layyar ƙarshe da Malam Bubayero, mahaifin Zakiyyu, ya yanka, Allah Ya jiƙanshi. Tsohon da kanshi ya kai fatar wurin majemi. Da ta dawo ya miƙa wa ɗan nashi, ya ce, "Shimfiɗa wannan, kar rana ta gasa mani kai bisa ƙarfen nan." Shekara shida ke nan.

Duk wanda ya taɓa barin mashin cikin ranar bazara ya dawo ya zauna, ya san abin da baƙar kujera ke yi wa bayan mutum. Zakiyyu bai san wannan azaba ba. Da safe sai ya yayyafa wa Buzu ruwa tafi biyu, iskar hanya ta ƙarasa aikin. Daga Kankiya zuwa Kusada, a zarce Mawashi, a dawo da azahar, fasinja na sauka wandonshi a bushe, babu ƙurajen zafi. Marigayin ya sha gumin malamai da na mahauta bai taɓa nuna bambanci ba. Ba shi da surutu. In an zauna ya ce fus, in an taka gudu gefenshi ya riƙa fat-fat-fat, shi ke nan maganarshi.

Saboda shi ne Inno mai nono da mata uku na rugarsu ta wajen Kunduru ke wuce mashin goma su jira Zakiyyu, ya kwaso su sawu biyu kullum. Da wannan sawu biyu ake ɗora tukunya gidanshi. Mun yi hassada, ba mu ɓoye ba.

Ciwon ajali ya fara ne da wani rami da ke hanyar Kunduru. Mashin ya faɗa, faifai ya goce, rabin ƙwaryar kindirmon Inno ya juye bisa marigayin. Mai hankali sai ya wanke da sabulu ya shanya kwana biyu. Zakiyyu kuwa ba ya iya wuni babu Buzu, ga tsoron kar a sake ɓari. Sai ya ɗauraye shi sama-sama, ya yi mashi gatan da muke yi wa duk abin da muke ƙauna, irin na sabuwar katifa da kujerar amarya: ya naɗe shi cikin leda. Da danshinshi! Ya bi da roba ya ɗaure tamau, ko iska ba ta shiga. A cikin bazara, jama'a.

Kwana uku leda ta kumbura tana zufa daga ciki. Rana ta huɗu wari ya iso tasha. Mun zargi kwata, mun zargi mushen kaza, daga nan muka koma zargin juna, har aka tilasta wa bawan Allah Abdurrahim ya wanke ƙafa da takalmi gaban kowa, alhakinshi na wuyanmu. Rana ta shida ƙudaje suka fara yi wa mashin rakiya har Kusada. Muryar marigayin ma ta canza. Fasinja na zama sai ya ce facal, sannan wani tsuuu mai tsawo ya biyo baya, wanda har yau in muka tuna sai mu ture kwanon abinci.

Zakiyyu ya ce warin hanya ne. Ya fesa turare, abin ya zama wari biyu. Matarshi Murja ta hana mashin kwana a zaure. Ranar Litinin Inno ta tsaya nesa, bakin zane a hanci, ta ce, "Ɗan nan, ni na yi ɓarin, na sani. Amma jiya mutum uku suka shinshina nonona suka ajiye. Ko fatar nan, ko mu." Ranar Abdurrahim ne ya kai su.

Da safiyar Talata muka yanke robar, muka ɗaga ledar da dogon kara. Wa'iyazubillahi! Gashin ya zame gaba ɗaya kamar an tuɓe riga, abin da ke ƙarƙashi kuma motsi yake. Mai shayi ya rufe tukunya ya tafi gida. Wani kare ya zo da saurinshi, ya shinshina, ya koma da gudu. Zakiyyu kaɗai bai toshe hanci ba. Ya daɗe tsaye, sannan ya ce, "Mahaifina da hannunshi ya ba ni." Muka tausaya mashi, amma ba mu matso ba.

Marigayin ya bar Zakiyyu, da kujera tsirara, da wando biyu da Murja ta riga ta ƙone. Ya bar tsutsotsi, 'ya'ya da jikoki, Allah kaɗai Ya san yawansu, da ƙudaje da suka zo gaisuwa suka ƙi tafiya.

Za a kai shi yau bayan la'asar, can bayan gari, nesa da rijiya da gonar kowa. Ba za a yi wanka ba, lokacin wanka ya wuce da kwana tara. Likkafani kuwa tun da ranshi yake ciki. Mai zuwa ya zo da shebur da abin rufe hanci, don ramin sai ya kai ƙugu. Babu zaman makoki, babu sadakar abinci, babu mai iya ci.

Inno ta aiko cewa ranar Juma'a za ta zo ta shinshina mashin da mai mashin, in ba ta ji komai ba su dawo. A nan ne muke da roƙo. Wajen wuyan marigayin akwai wani yanki kamar tafin hannu da ruɓa ba ta kai gare shi ba. Tun jiya babu shi, kuma hannun Zakiyyu ba ya barin aljihun gabanshi. Mun zauna mun yanke cewa duk wanda ya gani bai gani ba. Amma Zakiyyu, don girman Allah, ranar Juma'a ka duba inda iska ke kaɗawa kafin ka gaida Inno.